Na'urar eko da maganin ƙwayar gado: za su iya tsiro wa zuciyar Baba sababbin jijiyoyi?

Wani malamin makaranta daga Tawa ya aiko mini da tambaya game da mahaifinsa, dattijo mai shekara 63, wanda bugun zuciya ya kama wata biyar da suka wuce. Allah ya yi da sauran kwana, amma eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, ya nuna zuciyar ba ta matso jini da ƙarfinta na da, kuma tsakanin gida da masallaci sai ya tsaya ya huta. Malamin ya ga wani bidiyo a waya mai cewa yanzu ana amfani da na'urar eko a shigar da ƙwayar gado, wato wani guntun umarnin halitta irin wanda ake gada daga iyaye, cikin zuciya, sai sababbin jijiyoyin jini su tsiro. Yana tambaya ko gaskiya ne. Tunda kuma akwai na'urar eko a gidajen likitanmu, me zai hana a yi wa Baba? In kuwa sai an fita waje, ya sayar da garkar albasarsu su tafi?

Ƙanena, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya yi maka albarka. Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai gaggawa, ita zan fara amsawa: kada ka sayar da garkar. Abin da ka gani ba ƙarya ba ne. Bincike ne na gaske da masana suka kwashe fiye da shekara 20 suna yi, ni kaina ina bin labarinsa da ɗoki. Sai dai har yanzu a jikin dabbobin gwaji yake. Babu wata hukumar magunguna, a Turai ko Amurka ko wani wuri, da ta yarda a riƙa yi wa masu ciwon zuciya wannan magani. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya yi wa Baba shi, cinikin biri a sama yake so ku yi. Amma ba na so ka karɓi maganata don kawai likita ya faɗa. Kai ne za ka zauna ka yi wa Baba da iyayenka mata da ƙannenka bayani, don haka gara in warware maka zaren tun daga bakinsa.

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, tana bugawa wajen sau 100,000 tsakanin safiyar yau da ta gobe. Jini yana cika ta yana fita, amma namanta ba ya sha daga wanda ke cikin ɗakunanta. Yana da nasa jijiyoyin, manya guda uku da ke kwance a kanta, suna rarrabuwa suna shiga cikin naman har su fi gashi siranta. Tunda kai ɗan gidan masu garka ne, ɗauke su kamar hanyar ruwa da ta taso daga bakin rijiya ta rarrabu fangali fangali. Shekara da shekaru kitse na taruwa a bangon jijiyar, hawan jini da ciwon sukari da taba suna iza wutar. Ran da wannan tarin ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe, fangalin da ita kaɗai ke shayarwa ya soma ƙuna. Cikin minti 20 zuwa 30 nama ya fara mutuwa. In aka kwashe awa 6 zuwa 12 ba a buɗe hanyar ba, yawancin abin da zai mutu ya riga ya mutu.

A nan garka ta fi zuciya gata. In albasa ta ƙone, sai ka sake dashe. Zuciya kuwa kusan ba ta sake dashe. A shekarar 2009 masu bincike a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin sun auna yadda ƙwayoyin naman zuciyar mutum ke sabuntuwa, suka ga wajen kashi 1 cikin 100 ne a shekara ga ɗan shekara 25, kuma bai kai rabin haka ba ga ɗan shekara 75. Shi ya sa wurin da ya mutu yake zama tabo. Tabo yana riƙe bango kada ya fashe, amma ba ya matsawa. Wannan shi ne abin da likitan da ya yi wa Baba eko ya gani. In ka duba takardar za ka ga wata lamba da aka rubuta FE a gabanta, ita ce ke nuna kashi nawa na jinin da ke cikin babban ɗakin hagu zuciyar ke fitarwa a kowane bugu. Lafiyayyar zuciya takan fitar da 55 cikin 100 ko fiye.

To amma tsakanin tabon da lafiyayyen nama akwai wani gefe mai rai wanda ƙishirwa ta dama. Ka san shukar da ke can wutsiyar hanyar ruwa, wadda ta yi laushi ta sunkuya amma saiwarta ba ta bushe ba. Haka wannan naman yake. Ya rage aiki don ya tsira, in jini ya dawo masa sai ya farfaɗo. Duk binciken da kake tambaya a kansa wannan gefen yake nufi. Ka riƙe wannan da kyau, domin masu bidiyo ba sa faɗinsa: ko da maganin ya yi nasara gobe, sababbin jijiyoyi ba za su mayar da tabo nama ba.

Jiki da kansa ya san dabarar tsiro da jijiyoyi. Idan nama ya rasa iskar oksijin, yana sakin wani furotin mai suna VEGF, wanda ke kiran ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin da ke kusa su yi toho, su miƙa reshe zuwa inda ake ƙishirwa. Napoleone Ferrara ne ya ware shi ya sa masa wannan suna a shekarar 1989 a kamfanin Genentech na Amurka. Mu likitocin zuciya muna ganin aikin wannan baiwa da idonmu. Sai ka ga dattijo babbar jijiyarsa ta toshe ruf, amma yana tafiya da ƙafarsa, saboda toshewar a hankali ta zo, jiki ya samu lokacin fitar da ƙananan hanyoyin ratse. Sai dai a wurin mutane da yawa, musamman tsofaffi da masu ciwon sukari, abin da jiki ke yi ba ya isa. Daga nan tunanin ya taso: me zai hana a ƙara masa?

In aka zuba furotin ɗin kansa cikin jini ba ya daɗewa, nan da nan jiki ya share shi. Sai aka ce to a ba naman zuciyar umarnin ƙera shi. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da rubutaccen umarni, shi ne DNA, wanda mu da muka yi karatu da Faransanci muke kira ADN. A cikinsa akwai sassa wajen 20,000, kowane sashe yana bayanin yadda za a haɗa wani furotin. Waɗannan sassa su nake kira ƙwayoyin gado. Ana kwafo sashen VEGF a ɗinka shi cikin wani ɗan zoben DNA da ake kira filasmid. In zoben ya shiga cikin ƙwayar naman zuciya, sai ta karanta shi ta riƙa fitar da VEGF na wasu kwanaki, daidai wurin da ake buƙata. Na san a gida wani zai ce wannan ai taɓa halitta ne. Ka gaya masa wannan zobe ba a yi shi don ya haɗe da asalin gadon mutum ba, aikinsa na ɗan lokaci ne sannan ya lalace, kuma ba ya bin jini zuwa ga ƴaƴa.

Wanda ya fara kai wannan tunani jikin mutane shi ne Jeffrey Isner, likitan zuciya a birnin Boston. A 1994 ya soma da masu toshewar jijiyoyin ƙafa, a 1998 kuma shi da abokan aikinsa suka ba da labarin majinyata 5 da aka ɗan tsaga ƙirjinsu aka yi musu allurar filasmid ɗin VEGF a naman zuciya. Ciwon ƙirjinsu ya ragu, duniyar likitoci ta ɗauka an gama. Isner ya rasu a 2001 yana da shekara 53, kuma bugun zuciya ne ajalinsa. Bai ga abin da ya biyo baya ba.

Abin da ya biyo baya shi ne gwaji na adalci, inda ake raba majinyata biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a ba wasu allurar da babu maganin a ciki, ba tare da majinyaci ko likitansa sun san wanda ya samu wanne ba. An yi ɗaya a Turai da majinyata 80, aka fitar da sakamakonsa a 2005. An yi wani a Kanada da majinyata 93, ya fito a 2009. A duka biyun, da aka auna yawan jinin da ke isa naman zuciya, waɗanda suka samu ƙwayar gadon ba su fi sauran ba. Abin da ya fi koya mana darasi shi ne waɗanda aka yi wa allurar wofi su ma da yawa sun ce sun ji sauƙi. Mutumin da ciwo ya daɗe yana ci, aka shiga da shi ɗakin aiki, aka kula da shi, aka ce masa ga sabon magani, zuciyarsa takan kwanta, har ciwon ma ya ji ya ragu. Saboda haka shaidar mutum ɗaya a bidiyo, ko da rantsuwa yake yi kuma gaskiyarsa yake faɗi, ba ta isa hujja ba.

Me ya hana abin aiki? Dalilai suna da yawa, amma babbansu shi ne isar da saƙon. Wasiƙar tana da kyau, ɗan aiken ne babu. In ka zuba zoben DNA tsirara a jini, akwai sinadarai a cikin jinin da ke daddatsa shi cikin mintoci. In ka soka allura a naman zuciya, sai ka tsaga ƙirji ko ka zura siririn bututu ta jijiya, kuma abin da ka zuba ba ya nisa da bakin allurar. In ka ɗora saƙon a kan ƙwayar birus da aka cire wa dafi, ita ta iya shiga ƙwayoyin jiki ƙwarai, amma yawancinta hanta take nufa, kuma garkuwar jiki na iya tayar mata da yaƙi. A watan Satumba na 1999 wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya rasu a wani gwajin maganin ƙwayar gado na ciwon hanta a jami'ar Pennsylvania, saboda irin wannan tashin garkuwar jiki. Rasuwarsa ta girgiza fannin gaba ɗaya.

A nan ne eko ya shigo, kuma wannan sashen ne ya fi burge ni.

Na'urar eko sauti take aikawa. Kunnen mutum ba ya kama sautin da girgizarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa, ita kuwa na'urar duba zuciya tana aika mai girgiza miliyan 2 zuwa 5. Sautin ya shiga ƙirji, ya bugi nama ya dawo, na'urar ta mayar da amsa-kuwwar hoto. Tun 1968 wasu likitoci biyu a Amurka, Gramiak da Shah, suka lura cewa in aka yi allurar ruwa mai ƴan kumfa a jini, hoton yana yin haske sosai, domin iska ta fi nama mayar da sauti. Daga nan aka shiga ƙera kumfa ta musamman don gyara hoto. Kowace ɗaya ɗigon iskar gas ce mai nauyi, wadda ba ta saurin narkewa a jini, an lulluɓe ta da siririn ɓawo na maiƙo ko na furotin. Faɗinta mikiron 2 zuwa 3 ne galibi, mikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Jar ƙwayar jini tana da mikiron 7 zuwa 8, ka ga ke nan duk lungun da jini ya shiga kumfar ma za ta shiga ba tare da ta toshe shi ba. Bayan mintoci kaɗan iskar ta fita ta huhu da numfashi. Irin wannan kumfa, kamar wadda ake kira SonoVue, ana amfani da ita a Turai tun 2001.

Sauti matsi ne da saki, matsi da saki. In ya bugi kumfa, tana tsukewa tana kumbura bisa kiɗansa. In sautin mai sauƙi ne, rawa kawai take yi, hoto ya yi kyau. In aka ƙara masa ƙarfi, sai ta kumbura fiye da kima ta fashe, fashewar ta harba ɗan siririn ruwa da ƙarfi a kan bangon jijiya. Wannan harbin yana buɗe ƙananan ƙofofi a fatar ƙwayoyin da ke wurin, da ƴan tsaga a tsakaninsu, waɗanda ke rufewa cikin daƙiƙu zuwa mintoci. To yanzu ka haɗa biyu da biyu. DNA yana da cajin lantarki irin na ragi. In aka ƙera ɓawon kumfar da cajin ƙari, sai zoben ya manne mata, ta goya shi, ta kuma kare shi daga masu daddatsa shi. A yi allurar a jijiyar hannu kamar ƙarin ruwa. Kumfar ta zaga jiki duka, amma ba ta sauke kayanta da yawa sai inda aka haska sautin mai ƙarfi. Mai riƙe da na'urar yana kallon zuciyar a allo, ya saita kan gefen nan mai ƙishirwa, ya harba. Ya dakata bugu kaɗan har sababbin kumfa su sake cika jijiyoyin, ya sake harbawa. Ɗan aiken ya kai wasiƙar har ƙofar gida, ya kuma buɗe ƙofar da kansa. Ba tsaga, ba birus, kuma ana iya maimaitawa bayan kwanaki.

A shekarar 2000 Ralph Shohet da Paul Grayburn da abokan aikinsu a birnin Dallas suka nuna abin yana yiwuwa a zuciyar ɓera. Sun yi amfani da wata ƙwayar gado ta alama mai sa nama ya yi shuɗi in an rina shi, wadda a wancan gwajin a cikin birus suka sa ta suka manna wa kumfar, suka ga inda aka fasa kumfar saƙon ya shiga wajen ninki 10. A 2009 masu bincike a Toronto ta Kanada suka ɗaure jijiyar zuciyar ɓeraye don su haddasa musu irin ciwon Baba, bayan mako guda suka aika musu ƙwayar gadon VEGF ta hanyar kumfa da sauti. Ƙananan jijiyoyi suka ƙaru, jini ya ƙara isa naman, matsin zuciyar ya gyaru. An kuma gwada dabarar a dabbobin da suka fi ɓera girma. Wannan shi ne tushen bidiyon da ka gani.

Amma zuciyar ƙaramin ɓera ba ta wuce ƙwayar wake ba, ta mutum kuwa wajen giram 300 ce, tana can cikin ƙirji bayan haƙarƙari da huhu, su biyun kuma suna tare sauti. Ɓerayen gwaji matasa ne lafiyayyu, da zare aka ɗaure musu jijiya rana ɗaya. Baba kuwa shekaru ne suka yi masa nasa, da hawan jini, wataƙila da sukari, kuma jijiyoyin tsoho ba sa amsa kiran VEGF kamar na yaro. Sannan yawan ƙwayoyin da saƙon ke shiga ta wannan hanya har yanzu kaɗan ne, aikinsa kuma ba ya wuce kwanaki zuwa ƴan makonni. Ƙarfin sautin ma sai an auna shi da hankali, domin in ya yi yawa fashewar kumfar na iya fasa ƙananan jijiyoyi ko ta rikita yadda zuciya ke bugawa.

Akwai kuma matsalar VEGF kansa. Jijiyar da ya tsiro da ita shi kaɗai ɗanya ce, tana yoyo, kamar sabuwar hanyar ruwa da aka haƙa a rairayi ba a daɓe bakinta ba. In kiran ya tsaya da wuri sai ta shafe. In kuma ya yi yawa ya daɗe, an gani a ɓeraye yana haifar da curin jijiyoyi a cukurkuɗe wanda ba shi da amfani sai cutarwa. Ka tuna kuma ciwon daji da wannan furotin ɗin yake janyo wa kansa jini, kuma shi ne ke ɓata idon masu ciwon sukari, har ana yin allurai na musamman don a danne shi. Shi ya sa ake neman a kai shi wuri ɗaya kawai, a kan ma'auni. Wasu masu binciken a Toronto sun nuna a ƙafar ɓera cewa in aka fara aika VEGF, daga baya aka bi shi da ƙwayar gadon wani furotin mai daɓe bangon jijiya, sababbin jijiyoyin sun fi ɗorewa. Ka ga har yanzu ana kan koyon wane saƙo za a aika, nawa, yaushe, sau nawa.

Inda kumfa da sauti suka riga suka taɓa zuciyar mutum a matsayin magani, babu ƙwayar gado a ciki. A Sao Paulo ta Birazil, Wilson Mathias da Thomas Porter sun gwada su a kan majinyata 100 da ke cikin tsakiyar bugun zuciya, don fashewar kumfar ta farfasa daskararren jinin. Sakamakon ya fito a 2019: kafin a kai ga sa musu ƴar ragar ƙarfen nan mai buɗe jijiya da ake kira sitent, an samu hanyar ta buɗe a kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka yi wa, sauran kuwa kashi 20, kuma tabon da ya rage ya fi ƙanƙanta. Wannan na awannin farko ne, ba na wanda ya yi wata biyar ba.

Game da na'urar da ke gidajen likitanmu, ƴar gida ɗaya ce da wadda masu bincike ke amfani da ita, amma ita kaɗai ido ce. Ko sau ɗari aka yi wa Baba eko ba zai tsiro masa da jijiya ba, ba kuma zai cutar da shi ba. Abin da ya rage shi ne kumfar mai goyon DNA, wadda aka tace ta ta cancanci shiga jinin mutum, aka kuma tabbatar da ma'auninta a gwaji. Wannan ba a sayar da shi a kowace farmasi a duniya. Na sha ganin iyalai a nan Yamai da suka tattara abin da suka mallaka suka kai majinyaci waje, aka yi masa wasu allurai masu manyan sunaye, suka dawo eko bai canza ba, kuɗin sayen maganin yau da kullum kuma ya ƙare. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Gwajin gaskiya ba ya sayar wa majinyaci maganin da ake gwadawa. Yana da kwamitin da ke sa ido, yana ba ka takarda ka karanta haɗarin kafin ka sa hannu, kuma ba ya yi maka alkawarin warkewa.

Zan faɗa maka abin da ya sa duk da haka nake sa rai da wannan hanya. Maganin ƙwayar gado na sikila, ciwon da ke cikin gidajenmu da yawa, ya samu amincewa a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023. Sunansa Casgevy, farashin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2, fiye da miliyar ɗaya na kuɗin sefa ga mutum ɗaya, ban da doguwar jinya a asibiti na musamman. Wannan ba zai iso Madawa ko Keita da wuri ba. Shi kuwa zoben DNA ya fi birus sauƙin ƙerawa, allurar a hannu ake yi, na'urar kuma mun riga mun iya riƙe ta. In Allah ya sa wata rana aka tabbatar da amfaninsa, yana cikin ƴan kaɗan na irin waɗannan magunguna da nake ganin za su iya zuwa inda muke.

Kafin nan, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Magungunan da ke hannun Baba ba su da daɗin labari a bidiyo, amma an gwada su a kan dubban mutane. A 1988 wani gwaji mai majinyata fiye da 17,000 ya nuna asfirin kaɗai yana rage mutuwa a makonnin farko bayan bugun zuciya da wajen kashi 23 cikin 100. A 1999 wani gwajin ya nuna sifironolakton, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwar masu raunin zuciya mai tsanani da kashi 30 cikin 100. Mai irin ciwon Baba yawanci yana buƙatar mai hana jini daskarewa, da mai rage kitsen jini, da mai sassauta gudun zuciya, da mai sauke mata nauyi yana hana ta buɗewa. Wasunsu sai ana auna ƙoda da gishirin fotasiyam a jini lokaci lokaci. Da waɗannan, lambar FE ɗin nan takan hau a wurin majinyata da dama cikin watanni, domin gefen nan mai ƙishirwa ya samu sarari. Abin da ya fi kayar mana da majinyata shi ne a ji sauƙi a ajiye magani, ko takardar likita ta ƙare a ce sai an sayar da albasa. Kuɗin garkar nan, nan ne wurinsa, wata bayan wata.

Akwai kuma hanyar ƙarfafa jijiyoyin ratse wadda aka gwada a jikin mutane, kuma kyauta ce. A birnin Leipzig na Jamus, a wani gwaji da ya fito a 2016, an ɗauki mutum 60 masu ƙuntatacciyar jijiyar zuciya waɗanda ciwonsu ya lafa, aka sa wasunsu motsa jiki a ƙarƙashin kulawa har mako 4. Da aka auna, jinin da ke bi ta hanyoyin ratsensu ya ƙaru fiye da na waɗanda ba su yi ba. Don haka kada ku kwantar da Baba a ɗaki saboda tausayi. In likitansa ya ba da izini, ya riƙa tafiya kullum, bayan asuba ko da la'asar sakaliya, ba cikin ranar Afirilu da Mayu ba. Ya fara da minti 5 zuwa 10, a kan saurin da zai iya magana yana tafiya, a ƙara kaɗan kowane mako, wani yaro yana biye da shi. In ƙirji ya ɗaure, ko jiri ya zo, ko numfashi ya gaza, ya tsaya.

A tukunya kuma, ka yi magana da masu girki cikin ladabi. Gishiri da dunƙulen magi da kanwa duk dangi ɗaya ne a wurin zuciya mai rauni, ruwa suke tara mata. Taba a bar ta gaba ɗaya. Ka kuma bincika aljihunsa da ƙarƙashin matashinsa, domin dattawanmu suna sayen maganin ciwon gaɓoɓi a hannun masu yawo da shi a faranti, irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda ke kumbura masu raunin zuciya, suna ɓata ƙoda, in an haɗa da asfirin kuma su tsatstsage ciki. Maganar azumi ku kai ta gaban likitansa tun kafin watan ya kama.

In akwai tafiyar da ta cancanci kuɗi, ita ce ta ganin likitan zuciya da tambaya guda: shin Baba yana buƙatar hoton jijiyoyin zuciyarsa, wanda muke kira koronarografi? In hoton ya nuna babbar jijiya ce ta ƙuntata kuma naman da take shayarwa yana da rai, akwai sitent, akwai kuma aikin tiyata na ɗinka wata jijiya ta tsallake toshewar. Ba kowa ne ke amfana da su ba, wanda ya ga hoton da majinyacin shi zai yanke.

Abu ɗaya kuma nake so duk gidan su sani, har yara. In ciwon ƙirjin ya dawo kamar an ɗora masa dutse, ya wuce minti 15, ko ya zo da gumi mai sanyi, ko ya sauka hannu ko muƙamuƙi, kada a ce ƙwannafi ne ko gyambon ciki a tsaya jiƙa kanwa. Mai ciwon sukari ma yana iya rasa ciwon, sai dai gumi da kasala da sarƙewar numfashi. Kada kuma ku kama hanyar Yamai. Wajen kilomita 550 ne ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, awannin da naman zuciya ke mutuwa a cikinsu a kan kwalta za su ƙare. Ku nufi babban asibitin Tawa kai tsaye, ku faɗa tun daga ƙofa cewa ya taɓa samun bugun zuciya, a yi masa awon lantarkin zuciya nan take. Su za su ce ko a wuce da shi gaba.

Ka samo ɗan littafi ka riƙa rubuta tansiyonsa da nauyinsa sau biyu ko uku a mako. In nauyin ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku, ko ƙafafu suka kumbura, ko ya kasa kwanciya sai a zaune, ruwa ne ke taruwa, ku je kafin ranar da aka ba ku. Ran da za ku ga likita, ku tafi da littafin, da takardar eko ta farko, da kwalayen magungunan duka a leda ɗaya, har da na gargajiya in yana sha. Ka gaishe mini da Baba da jiki.